Jirgin Alhamis da Idon Inna

Aji huɗu na yi a elemantare, sai babanmu ya rasu, aka ce dole wani ya dawo ya riƙe garma. Ba a yi shawara da ni ba. Ni ne babba, ni na dawo. Autanmu kuwa aka bar shi ya yi ta hawa: daga makarantar ƙauyenmu na wajen Kuyello ya tafi midil a Zariya, daga nan kwaleji, daga nan gwamnati ta ɗauke shi ta kai shi Ingila ya koyo aikin safiyo. In ka ce ƙorafi nake yi, ban musa ba. Masarar da na noma ce ta yi masa guzuri tun yana ɗan gajeren wando.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari, kuma haka al'adar take. "Kai," take cewa, ko "wannan." In na shigo gaishe ta sai ta kau da fuska ta amsa wa bango. Auta kuwa sunansa a bakinta ya kwana, a bakinta ya tashi. Wannan bai dame ni ba sosai. Kowane gida haka ne.

A shekara ta uku da tafiyarsa idonta ya fara. Sana'arta daddawa ce, kuma duk kasuwarmu an san tata ba ta da tsakuwa. Rannan sai matata ta zo ta ce min a asirce ta tauna dutse a miya. Bayan nan na ga Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki buta ta kama iska. Na tambaye ta, ta ce hayaƙin murhu ne. Na ɗora ta a motar katako na kai ta disfensari a cikin Birnin Gwari. Malamin asibitin ya haska mata tocila, ya ja ni waje, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, in kai ta wurin likitan ido a Kaduna, kuma kar in bari damina ta fita. Ya ce za ta yi makonni a can. Ya ce irin wannan ciwon ba ya jiran kowa.

Na riga na aika wa wani ɗan'uwan babanmu da ke Kaduna cewa muna tafe, sai ga wayar tangaraho. Direban motar katakon ne ya miƙo min ita ranar kasuwa, ta yi laushi a aljihunsa. Daga auta take. Gajeruwa ce: zai sauka Kano ranar wata Alhamis a watan gobe. Sai haruffa biyu da lamba uku, bakwai ɗaya huɗu. A ƙasa kuma wasu haruffa da lambobi guda shida a cakuɗe, waɗanda duk yadda na juya su ba su ba da kalma ba, ko ta Hausa ko ta Turanci.

Inna ta sa na karanta, na sake karantawa, har sai da ta haddace.

"Wannan bakwai ɗaya huɗun mece ce?"

"Lambar jirgin ce, Inna. Kamar lambar mota."

Abin da na sani ke nan. A wajenmu motocin da ke ratsa dajin nan ba su da yawa, kowacce mun san lambarta, mun san direbanta, mun san ƙarar injinta tun daga bayan rafi. In aka ce wane yana cikin mota kaza, magana ta ƙare, sai dai a ɗora ruwan tuwo.

"To, ɗayar fa, mai kama da rubutun sha?"

Na ce mata shaida ce cewa kujerar tasa ce. Na ce kamar yankan da Fulani ke yi wa kunnen saniya, wanda ko a tsakiyar garke dubu mai ita zai nuna ta. Da zuciya ɗaya na faɗa, don haka na ɗauka. Ta gyaɗa kai, ta ce to asibiti sai ya zo. Shi zai kai ta, shi ya san Turancinsu.

Na yi magana, ta ce wata ɗaya ne fa. 

Ana jibi ranar na kama hanya. Ruwa ya cinye hanyar Funtuwa, muka tura mota fiye da yadda ta ɗauke mu, amma na isa Kano na kwana a tasha, da sassafe ina filin jirgi. Akwai wani wuri da ake barin 'yan tarya su tsaya a bayan shinge. Nan na kafa ido. Wani ƙaton jirgi ya sauko, ƙasa na rawa. Na duba jikinsa tun daga hanci har wutsiya. Akwai rubutu, amma ba bakwai, ba ɗaya, ba huɗu. Na ce ba shi ba ne. Mutane suka fito, aka rungume na runguma, aka watse. Ni ina nan. Wasu ƙanana suka sauka, suka tashi, duk na karanta jikinsu. Rana ta take, ta karkata.

Wani dattijo ɗan dako da ya gaji da ganina ya zo ya ce, "Malam, kai kuma shuka ka aka yi a nan?"

Na nuna masa takardar. Ya ce shi ba ya karatu, in faɗa da baki. Na faɗa.

"Bakwai ɗaya huɗu? Ai shi ne na safen nan. Yanzu haka ya kai Ikko har ya huce. Daga wane daji ka fito?"

"Daga Birnin Gwari."

"Ai ko ka yi gaskiya," in ji shi, ya nuna min ofishin kamfanin da haɓa.

Akawun da na samu saurayi ne, da laktaye ɗaure a wuya, yana cin gyaɗa daga aljihun tebur. Ban ga laifinsa ba, ya saurare ni. Na ce masa an cuce ni, jirgin da ya sauka ba lambarmu ce a jikinsa ba.

Ya yi dariya kaɗan, ya ce, "Baba, ba a rubuta ta a jiki."

Na ce ni ba babansa ba ne, ya yi min bayani.

Ya ce abin da na gani a jikin jirgi sunan ƙarfen ne, shi ne daidai da lambar mota. Wadda ke hannuna kuwa ba ta ƙarfe ba ce. Haruffa biyun na farko na kamfani ne. Lamba ukun sunan tafiyar ce: daga ina, zuwa ina, wace rana, ƙarfe nawa. Yau wannan jirgi ne ya yi tafiyar, mako mai zuwa wataƙila wani ne daban, direba daban, amma lambar tana nan. In zai koma kuma, ko da ƙarfen bai canza ba, lambar ta canza, ta zama bakwai ɗaya biyar.

"A garinku yaushe kasuwa ke ci?" ya tambaye ni.

"Talata."

"To, haka take. Kasuwar Talata sunanta kasuwar Talata, ko ka je ko ba ka je ba. Wannan kowace Alhamis tana sauka a nan."

"Ƙanena fa?"

Ya duba sunayen waɗanda suka sauka, ba ya ciki. Sai ya sa yatsa a kan haruffa shidan nan, ya ce wannan ita ce ta ƙanen naka. Ya ce in mutum ya je ofis ya ce a riƙe masa kujera, sai a buɗe masa wuri a babban injinsu na can Ingila, a sa sunansa da ranarsa da hanyarsa, a ba wurin wannan alamar don a same shi da sauri. Ba ta da ma'ana, injin ne ke haɗa ta yadda ya ga dama. Ya buga ta a wani inji mai kama da tafireta da ke bayansa, ya ce in dawo gobe.

Washegari amsa ta zo. Ya ce, "Albishirinka. Kujerarsa na nan da ranta. Ɗaga ranar ya yi, sai bayan wata biyu."

Da ranta. Da wannan kalmar na hau mota na koma.

Na tarar an share gida har bayan danga, an yi sabon daɓe a ɗakin da zai sauka. Inna na zaune a ƙofar zaure. Ta ji tafiyar mutum ɗaya, ta san ni kaɗai ne. Na zauna na kwashe duk abin da akawu ya gaya min na faɗa mata, ban rage ba, har zancen kasuwar Talata. Na yi tsammanin za ta ce to mu tafi Kaduna mu dawo kafin wata biyun. Ashe ita abu ɗaya ta tsinta a cikin maganar.

"Ka ce kowace Alhamis jirgin nasa na zuwa?"

"Ba nasa ba ne, Inna. Na kowa ne."

"Kuma kujerarsa na ciki."

"Ta bayan wata biyu ce."

"Wanda ya iya tura rana gaba ai ya iya jawo ta baya. In ya gama abin da ya riƙe shi, me zai zauna yi? In ya shigo ranar Juma'a ya tarar da ɗakina a rufe fa? Yaron da ya shekara uku bai ci tuwon hannuna ba?"

Na ce idonta. Ta ce idon nata ne. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Ta juya wa bango ta ce, "A gaya wa wannan ni na haife shi."

Daga nan kowace Juma'a ta zama ranar zuwan auta. Ta lissafa cewa in ya sauka Alhamis, Juma'a da yamma motar Funtuwa za ta ajiye shi a mararraba. Da an sauko daga masallaci sai ta ɗauki tabarma ta tafi gindin ɗorawar da ke wajen. Da fari ita kaɗai take zuwa. Daga baya da sanda. Daga baya sai matata ta riƙe mata hannu. In mota ta tsaya sai ta miƙe, ta matse ido, tana bin masu saukowa ɗaya bayan ɗaya.

Tana da wata ƙawa Bagwariya, tsohuwa mai baki, tun suna 'yanmata tare suke shiga daji roron kalwa da kaɗanya. Ita kaɗai ke iya gaya mata magana. Na ji ta rannan, ta sauke itacen da ta ɗauko a kafaɗa, ta tsaya a kanta.

"Ke, tashi ki je a gyara miki ido. Ko ya zo da me za ki gan shi, da gwiwa?"

"Naki 'ya'yan duk suna gindinki, shi ya sa kike da bakin magana."

"Nawa ba su da jirgi, amma in na kira suna amsawa. Ga naki nan ɗaya a tsaye kamar jakin gida, kin bar shi kina jiran na sama."

Inna ta yi dariya, ta ce mata ta wuce da itacenta kafin gara ta cinye. Ba ta tashi ba.

Da wata biyun suka cika na koma Kano. Wannan karon ban tsaya karatun jikin jirgi ba, fuskoki na duba. Ba shi. Akawun ya gane ni, ya buga injinsa, amsa ta zo: an sake ɗagawa, sai bayan kaka. A tsakanin nan takardar auta ɗaya ta zo, yana cewa jarrabawa ce ta riƙe shi, a gaida Inna, yana nan tafe. Ni ma na rubuta masa da irin rubutuna, na ce idon Inna na tafiya, ya zo, ko kuma ya ce ba zai zo ba mu san abin yi. Amsar da ta dawo cewa ta yi kar mu damu, kujerarsa na nan. Da ma cewa ya yi ba ya zuwa. Da na ɗauki Inna zuwa Kaduna a ranar, ko tana kuka.

Muka girbe masara, muka yanke dawa, Fulani suka sauko da shanu cikin karan gonaki. Inna ta daina daddawa. Ta fara gane mu da murya. In jirgi ya ratsa ta saman dajin nan, can ƙololuwa, da tana nuna farin layin da yake bari, yanzu sai ta karkata kunne ta ce a duba mata ko gabas ya nufa.

Zuwana Kano na uku akawun ya daɗe yana kallon takardar da injin ya fitar. Ya ajiye gyaɗarsa.

"Malam, wannan alamar yanzu ba ta ƙanenka ba ce. Sunan wani Bature ne a kanta, kuma ba ma ƙasar nan zai zo ba."

"Sace ta aka yi?"

"A'a." Ya ce riƙe kujera daban, yankan tikiti daban. In an riƙe wa mutum, ana ba shi wa'adi. In wa'adin ya wuce bai zo ya yanka ba, bai kuma ce a ɗaga ba, sai injin ya share sunansa. Alamar ta zauna ba mai ita, bayan wani lokaci a ba wani. Ya ce haruffan ba su da yawan da za a bar wa kowa nasa har abada.

"Wato tun farko bai yanki tikiti ba?"

"Abin da na gani ke nan. Mutane da yawa na yin haka, ba laifi ba ne a wurinmu."

Ina fitowa na ji lasifika na sanarwa da Turanci, na tsinci bakwai ɗaya huɗu a ciki. Ya sauka a kan lokaci, cike da 'ya'yan wasu.

Ban yi wa Inna kwana-kwana ba, ban iya ba. Na ce kujerar ta mutu, an ba wani alamar. Ta murza bakin zanenta.

"Yankan kunnen saniya ka ce min."

"Haka na ɗauka."

"A can ana ba wani yankan wani?"

"Ana bayarwa."

Ta ce to a nemo mota.

Likitan Kaduna ya duba ta da na'urori iri-iri, ya sa tafinta ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce jijiyar ta riga ta mutu, ta dama gaba ɗaya, ta hagu saura ɗan abin da zai nuna mata rana ta fito, shi ma ba zai daɗe ba. Ya ce da a farkon damina ne da ya tare abin da ya rage. Ya ba mu maganin ɗigawa don ciwon kai. A mota muna dawowa ta cikin daji Inna ta tambaye ni ko ɗorawa ta fara fure. Na ce ta fara. 

Sai da aka yi damina biyu bayan nan auta ya zo. Ba tangaraho, ba lamba. Ta Ikko ya sauka, a jirgin wani kamfani, har ya kama aiki a Kaduna ya yi wata guda. Wata Litinin da hantsi ina gyaran rumbu sai ga motar gwamnati ta tsaya a ƙofar gida, yara na bin ta.

Na tare shi a zaure kafin ya shiga. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, wannan ba zan hana shi ba. Na ce masa Inna ba ta gani. Ya ce ai na rubuta masa idonta na ciwo, bai san ya kai haka ba. Na ce lambar da ka aiko fa?

"Wace lamba?"

Sai da na tuna masa.

"Haba Yaya, ai kujera kawai na sa aka riƙe min, ko da hali zai yi. Can kowa haka yake yi. Ka riƙe, in bai yiwu ba ka ɗaga. Ban ce ku..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga fuskata. Na ce masa a nan in mutum ya faɗi rana ya faɗi mota, har ya buga a waya, alkawari ya ɗauka, kuma akwai wadda ta biya shi da idonta. Na matsa na ba shi hanya.

Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ya yi sallama, ta amsa, ta kira sunansa, muryarta ba ta ko girgiza ba. Ya faɗi a gabanta yana kuka kamar yaro. Ta lalubo kansa, ta bi goshinsa da yatsu, ta bi kunnuwa, ta bi haɓa. Ta ce ya yi shiru, ba mutuwa aka yi ba. Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ba ta yi masa zancen jirgi ba, a ranar ko bayanta.

Can ta ɗago kai wajen da ta ji numfashina.

"Kai. Ba komai hannu ke faɗi ba. Gaya min yadda ya zama."

Na dube shi. Shi ma ya ɗago ya dube ni, ido jawur.

Na ce ya yi ƙiba. Na ce ya yi haske, kamar wanda ya daɗe a ɗaki. Gashin gaban kansa ya fara janyewa irin na Baba. Yana sanye da kwat mai ruwan toka, da tabarau, da agogo a hannun hagu.

"Wushiryarsa fa?"

"Tana nan."

"In ya yi dariya har yanzu idonsa na rufewa?"

"Bai yi dariya ba tukuna, Inna."

"To, ka tsaya a nan," ta ce. "In ya yi ka gaya min."